Injiniya Ya Yi wa Lambobi Aski

Shekara ashirin da shida Baba Mai Awo ya yi yana zaune a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar masana'antarmu, kuma babu ƙarfen da ya taɓa fita bai bi ta hannunsa ba. Mu feƙe, shi ya auna. In abu ya yi daidai ya rubuta a takardar awo ya buga mata koren hatimi. In bai yi ba ya wurga shi cikin wani ƙaton jan kwando na ƙarfe da ke gefen ƙafarsa, ka ji ƙwal, ka san yau da sake. Ni da nake kan injin feƙe ƙarfe na sha jin ƙarar nan har na gaji da jin haushinta.

Sai yanar ido ta rufe wa Baba ido ɗaya, likita ya ce za a yi masa aiki, ya zauna a gida mako uku. Abin ya zo daidai da babban aikin da muka daɗe ba mu samu irinsa ba. Wata Hajiya mai gidan burodi ta ba mu aikin kekunan tura burodi guda sittin. Kowane keke taya huɗu, kowace taya da guntun sandar ƙarfe da ake cusawa a cikin boris ɗinta, wato zoben ƙarfen da take juyawa a kansa. Zanen aikin ya ce kaurin sandar kada ya gaza milimita 20.00, kada ya wuce 20.05. In ta yi ƙiba ba za ta shiga ba, in ta rame taya za ta zare. Tazarar da ke tsakani ba ta kai kaurin gashin kai ba.

A nan Injiniya ya shigo labarin. Mijin ƙanwar Maigida ne, shi ke riƙe da makullin sito. Babu wanda ya raɗa masa sunan, shi ya raɗa wa kansa, bayan ya yi wata shida a wata makaranta da ta rufe kafin ya karɓi takarda. Biro uku yake sakawa a aljihun gaba, kuma in kana neman na rubutu sai ya aro a wajen wani.

Baba bai kai bakin titi ba Injiniya ya tare Maigida a tsakiyar fili, a gabanmu duka.

"Yaya, ka san abin da ke cinye kamfanin nan?"

"Na sani," in ji Maigida. "Ina kallonsa ma."

"Jan kwando! Ƙarfe mai kyau, lafiyayye, tsohon nan ya wurgar da shi saboda wata 'yar lamba da ko da tabarau ba a gani. Ba ni hatimin na mako uku. In kwandon nan ya ga abu ko ɗaya, ka mayar da ni sito. In bai gani ba, kujerar ta zama tawa, Baba ya je ya yi wasa da jikoki."

Maigida mutum ne da ƙanwarsa ta ishe shi da kiran waya a kan a ɗaga mijinta. Ya sosa ƙeya, ya dubi ɗakin da babu kowa, ya ce, "To." Raina bai so ba. Baba ba shi da wata sana'a, ba shi da wata hira, ma'aunin nan ne abokinsa. Amma na yi shiru, kuma shirun nan zan dawo kansa.

Washegari na kai sandata ta farko. Injiniya ya goge ma'aunin da hannun riga, ya matse ta, lamba ta fito: 20.054. Na miƙa hannu zan karɓa in jefa a kwando da kaina.

"Ina za ka da ita?"

"Ta wuce. Da Baba ne da ka ji ƙwal."

"Wannan ne bambancin mai ilimi da mai shekaru. Ka ga huɗun nan ta ƙarshe? Wutsiya ce. A lissafi duk abin da bai kai biyar ba aski ake yi masa." Ya ari birona ya rubuta 20.05, ya hura wa hatimi iska, ya buga. "Ta wuce lafiya. Na gaba!"

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Sandar da na san ta mutu ta tashi a gaban idona.

Kwana uku bakin injina ya fara dakushewa, na kawo wata, ta nuna 20.08. Na ce yau dai kwando zai karya azuminsa. Injiniya ya kalle ta ya kalli rufi, leɓensa na motsi.

"Takwas ta fi biyar, sai a cike ta. Ta zama 20.1."

"To ai ka ƙara mata laifi. Iyakar 20.05 ce."

"Kai, ba ka da adalci! A yi wa ɗa aski a bar uba da suma? Ita ma iyakar a zaunar da ita a yi mata. Biyar ta kai, a cike ta, ta zama 20.1. Yanzu duba, 20.1 da 20.1. Wa ya wuce wa?"

Ya ja layi a kan zanen aikin ya gyara iyakar da hannunsa. Dogo, abokin aikina da ke kan ɗaya injin, ya leƙo ta kafaɗata da tasa sandar. Ita kuma ramewa ta yi, 19.96.

"Injiniya, wannan marar lafiyar fa?"

"A cike ta. 20.0. Ta warke."

Dogo ya dube ni, na dube shi. Tun daga ranar muka daina auna komai a kan inji. Da can sai ka feƙe kaɗan ka tsaya ka auna, ka sake feƙewa, wuyanka ya ƙage. Yanzu gasa muka koma yi, wa zai riga cika tire kafin azahar. Ni nawa suna ƙiba, na Dogo suna ramewa. Ranar da na kai mai 20.4, Dogo ya kai mai 19.6, ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya suke ba. Injiniya ya jera su a tebur ya yi murmushi.

"Yanzu mun kai babban mataki. Duk abin da ke bayan ɗigo gulma ne. Wannan ashirin, wannan ashirin, iyakar ƙasa ashirin, iyakar sama ashirin. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Daga nan takardun awo suka koma ashirin daga sama har ƙasa. Da ya ga amsar ba ta canzawa, sai ya fara rubuta takardar gobe tun yau, ya buga mata hatimi ya ajiye, sanduna ba a ma yanko ƙarfensu ba. Ranar Laraba ya tara mu ya ce ya yi wa fursunoni afuwa. Ya juye jan kwandon, ya kwaso tsofaffin sandunan da Baba ya yanke wa hukunci tun bara, ya ba su ashirin ashirin ya sallame su. Kwandon kuma ya kife shi ya ɗora rediyonsa a kai.

Mutum ɗaya ne bai shiga murnar ba, wato mai haɗa kekunan, wanda muke kira Mai Guduma. Gajere ne, ba ya dariya sai in wani ya faɗi. Ya shigo ɗakin awo da taya a hannun dama da taya a hannun hagu.

"Injiniya, wannan sandar ta ƙi shiga. Wannan kuma ta shiga ta fita ta baya ko sallama babu."

"Nawa takarda ta ce?"

"Ban tambayi takarda ba, taya na tambaya."

"Takarda ta ce ashirin. Ga hatimi."

"To takardar zan cusa a tayar?"

Injiniya ya dubi tayoyin biyu. Sai idonsa ya kawo haske, ya buga tebur har rediyon ya canza tasha.

"Ka ga amfanin zama da masu ilimi? Ka fara tunani! Masu ƙiba ka ba su guduma, ai ba don ado ake kiranka da ita ba. Ramammu kuma ga takardu nan sun yi yawa, ka yaga ka naɗe su, ka cusa."

Mai Guduma ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Rubuta mini ka sa hannu." Injiniya ya ari biro ya rubuta, har da hatimi. Kwana huɗu ba ka jin komai a masana'antar sai duka da ƙarar yaga takarda, jefi-jefi kuma ka ji boris ya ce ƙas, Mai Guduma ya ce, "Ashirin."

Da abin ya tsaya a cikin gida da sauƙi. Injiniya ya fita da shi titi yana wa'azi. Ya gaya wa mai walda, ya gaya wa mai gyaran waya, ya gaya wa matarsa. Ita ce ma ta fara gwada masa. Ya ce ta ajiye masa abinci ƙarfe biyu, ya koma ya tarar da tukunya a kife, ta ce biyu ba ta kai biyar ba, ta yi mata aski. Da bakinsa ya ba mu labarin, yana cewa mata ba su fahimci inda ake amfani da ilimi ba.

Sai ya tsallaka wajen telan da ke kallon ƙofarmu, ya ce a ɗinka masa wandon kwat na ranar miƙa kekuna, ranar da za a naɗa shi. Ina shan ruwa a bakin shagon na ji komai. Tela ya zagaya masa tef.

"Ƙugu inci talatin da shida, tsawo arba'in da huɗu."

"Ka ji irin wahalar da kuke ba kanku. Yi musu aski zuwa goma mafi kusa. Shida ta fi biyar, arba'in. Huɗu ba ta kai ba, arba'in."

"Arba'in da arba'in? Wando zan ɗinka ko rigar matashi?"

"Ɗinka abin da aka ce. Kuma kada ka sa mariƙin bel. Wandon da aka auna da ilimi ba ya neman taimako."

Tela ya cire allura daga baki ya ce da ni, "Kai ne shaida."

Ranar Asabar da hantsi aka share fili. Filin namu gangare ne, daga bakin ɗakin injuna yake sauka har ƙofar titi. Aka jera kekuna sittin a gefe ɗaya, sun sha fenti suna ƙyalli, kowanne an tokare shi da dutse. Injiniya ya gayyato duk layin. Mai walda ya zo, mai gyaran waya ya zo, tela ya zo ya zaɓi wurin da zai fi gani. Matar Injiniya ta zo da ƙawayenta biyu. Hajiya mai burodi ta sauko daga mota, mace mai jiki da ƙaramar murya, ba ta ɓata magana.

Can a kan benci kusa da ƙofa na hango Baba, da baƙin tabarau, hannuwansa a kan sanda. Labari ya kai masa. Ya saka rigarsa mai kyau, wadda yake sawa in za shi gaisuwa, ya zo a sallame shi a gaban mutane ba a bayan idonsa ba. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi iyali, bai tambayi aiki ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Injiniya ya fito. Wandon ya tsaya masa a tsakiyar ƙwauri, safa a waje, hannunsa na hagu kuma yana dafe da ƙugu kamar mai ciwon ciki. Da hannun dama ya jawo jan kwandon har bakin ƙofa ya ajiye shi baki sama, don kowa ya leƙa.

"Jama'a, ku duba! Mako uku, sanda ɗari biyu da arba'in, ko ɗaya ba ta faɗa nan ba. Hajiya, ga takardu. Ashirin daga farko har ƙarshe. Ko a ƙasar waje ba a taɓa samun irin wannan ba."

Hajiya ta ɗaga shafi biyu ta mayar masa.

"Takarda ba ta ɗaukar burodi. A tura in gani."

Mai Guduma ya cire dutsen keke na farko ya tura. Keken bai san ana yi ba. Ya sa kafaɗa, tayoyin suka ja ƙasa suna ƙara, ko ɗaya ba ta juya ba.

"Wannan mai birki ne," in ji Injiniya. "Kyauta muka ƙara miki, saboda ɓarayi."

"Na biyu," in ji Hajiya.

Na biyu tayoyin dama suna juyawa, na hagu sun ƙi. Mai Guduma ya tura, keken ya zagaya ya dawo inda ya tashi. Ya sake turawa, ya sake dawowa.

"Na lungu ne. Ya san hanyar gida."

Mai walda ya fara tari irin na mai danne dariya. Maigida ya cire hula ya mayar. Hajiya ta nuna na uku da haɓa.

"Wancan. A ɗora masa kaya."

Na uku sandunansa daga tiren Dogo suka fito, na gane shi da ɗan farin da ke leƙowa ta gefen taya. Injiniya ya ce ba sai an nemo buhu ba.

"Ni da kaina zan hau. Kilo tamanin ne ni, a cike, ɗari. Dogo, turo ni!"

Ya hau ya tsaya ƙyam, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana ɗaga wa jama'a. Dogo ya cire dutse ya ɗan taɓa. Wannan kam ya tafi, ya tafi fiye da yadda aka roƙe shi. Gangaren ya karɓe shi, Dogo ya bi da gudu bai kamo ba.

"Kun gani? Kun gani?" Injiniya yana ihu. "Sumul!"

Sai tayar baya ta hagu ta zare, ta bi gefensa, ta wuce shi. Ya bi ta da kallo.

"Ta wa ce wannan?"

"Taka ce!" in ji Mai Guduma, kuma ranar na fara ganin haƙoransa na ciki.

Keken ya karkata ya goga layin 'yan uwansa. Duwatsu suka zame, kekuna suka shiga dukan juna, tayoyi suka fara zubowa kamar an ɓare buhun lemo. Wata ta shige shagon tela, wata ta bi titi, kare ya rufa mata baya. Injiniya ya ga abin ya fi ƙarfin hannu ɗaya. Ya dubi ƙarfen riƙo, ya dubi ƙugunsa, ya zaɓi rai. Yana kama ƙarfen da hannu biyu wandon ya sauka har idon sawu, ya bar shi da gajeren wando mai zanen taurari. Ƙawayen matarsa suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Ita matar ta rufe fuska da mayafi ta ce ba ta san shi ba.

"Arba'in ya ce!" tela yana ihu yana nuna ni. "Ga shaidana nan!"

Daf da ƙofa tayar gaba ta bi sahu. Keken ya dunguri ƙasa ya tsaya cak, Injiniya bai tsaya ba. Ya tashi sama, ya juya, ya sauka da mazaunai cikin jan kwandon, ƙafafu a sama, wando na lilo a kansu.

Ƙwal.

Baba, da kwandon ke gefen ƙafarsa kamar kullum, ya ɗan sunkuyo ya zare tabarau ya duba da sabon idonsa.

"Wannan wa ya auna shi?"

Dariyar da aka yi har masu wucewa suka tsaya suna tambaya. Hajiya ba ta yi ba. Ta ɗauki tayar da ta tsaya a ƙafarta, ta sa yatsa ta zaro wata nannaɗaɗɗiyar takarda, ta warware ta karanta da ƙaramar muryarta.

"Ashirin. Ya yi daidai." Ta juya ta ga Maigida. "Har da hatimi."

Maigida ya taka har kwandon, ya sa hannu a aljihun surukinsa, ya wuce biro uku, ya ciro koren hatimin. Ya je gaban Baba ya rage tsawo ya miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, a yi haƙuri."

"Kwana goma na ba ku," in ji Hajiya tana shiga mota. "Kuma in ba hannun dattijon nan na gani a takardar ba, kada ku kira ni."

Baba ya juya hatimin a tafinsa ya sa a aljihu. Sannan ya dube ni da Dogo. Bai ɗaga murya ba.

"Shi dai bai sani ba. Ku fa?"

Na fi son a ce ni ne a cikin kwandon. Na je na fara tsintar tayoyi.

Ranar Litinin muka sake sabon lale. Na wasa bakin injina, na koma feƙe kaɗan, auna, feƙe kaɗan. Da yake likita ya hana Baba ƙura wa ƙananan lambobi ido, Maigida ya ce Injiniya ya zauna a kan ɗan kututture kusa da shi yana karanta masa ma'auni da ƙarfi, lamba duka, har wutsiya. Ya zo da tsohon wandonsa, da bel, an ɗaure tamau.

Wajen la'asar na kai wata sanda da hannuna ya ɗan zarce. Injiniya ya matse ta ya daɗe yana kallo.

"Karanta," in ji Baba.

"Ashirin, ɗigo, sifili, biyar... huɗu." Ya matso ya rage murya. "Baba, don Allah, 'yar huɗun nan fa? Me huɗu za ta yi wa mutum?"

Baba bai ko juyo ba.

"Inci nawa tela ya ƙara maka a ƙugu?"

Injiniya ya taɓa bel ɗinsa. Ya dubi sandar, ya dubi ƙofa ko akwai mai jinsa, ya miƙa hannu a hankali ya sake ta.

Ƙwal.